Ruwa Ba Ya Cin Yaro Banza: A Wajabta Darasin Kiyaye Haɗarin Ruwa A Makarantun Kano

Akwai wata jimla da kunnuwan mutanen Kano suka saba da ita, musamman idan damina ta kankama ko kuma zafin bazara ya tsananta: "ruwa ya ci yaro." Mai magana da yawun Hukumar Kashe Gobara ya tabbatar da labarin, gidajen rediyo su karanta, a yi wa iyaye ta'aziyya, sai kuma a jira na gaba. Duk wanda ya yi nazarin nahawun Hausa zai lura da yadda aka gina wannan jimla. Ruwa shi ne aikau, yaro shi ne karɓau, babu gurbin wani mutum na uku a cikinta. Wanda ya haƙa ramin ya tafi ya bar shi bai shigo ba, haka wanda ya lafta wa kwale-kwale lodin da ya fi ƙarfinsa, haka mu da ba mu taɓa zaunar da yaron mun koya masa halin ruwa ba. Harshe ya ɗora wa ruwa laifin baki ɗaya, kowa kuma ya samu damar cewa ba ruwansa.

Abin da nake son jawo hankalin mai karatu a kansa shi ne, lokaci ya yi da Majalisar Dokokin Jihar Kano za ta kafa dokar da za ta wajabta koyar da darasin kiyaye haɗarin ruwa a kowace makaranta, ta boko ce ko ta Islamiyya, ta gwamnati ce ko mai zaman kanta. A ganina kuma, wurin da ya fi dacewa a fara shi ne makarantun da ke kewaye da rukunonin masana'antu na Sharaɗa da Challawa da Bompai, domin a nan ne ruwa yake da fuska biyu. Akwai wanda ke kashe yaro cikin 'yan mintoci ta hanyar nutsewa, akwai kuma wanda ke cin jikinsa sannu a hankali ta hanyar guba, ba tare da an ji labarinsa a rediyo ba.

Mutane da dama suna kallon Kano a matsayin ƙasar tudu wadda ba ta da wata alaƙa da manyan ruwaye, alhali lamarin ba haka yake ba. Cikin birni da kewayensa akwai kududdufai da suka samo asali daga haƙar ƙasar gini tun zamanin kakanni, kuma duk da an cike da yawa daga cikinsu an yi gine-gine, waɗanda suka saura suna nan a tsakiyar unguwanni. Tun daga mulkin marigayi Audu Baƙo, tsakanin 1967 da 1975, jihar ta cika da madatsun ruwa: Bagauda, Tiga da aka kammala a 1974, Watari, Tomas, sannan daga baya madatsar Challawa da ke Ƙaraye a 1992. Ga kuma magudanan noman rani na Kadawa da Kura da Bunkure, ga manyan lambatu da kwalbatoci na cikin gari waɗanda ke tumbatsa da zarar an yi ruwan awa guda. Mun kawo ruwa har ƙofar gidajen mutanen da iyayensu da kakanninsu ba masunta ba ne, ba kuma sarkawa ba, amma ba mu haɗa musu da ilimin zama da shi ba.

Idan muka koma kan masana'antu, sanin kowa ne cewa Bompai ita ce tsohuwar unguwar masana'antu ta Kano, Sharaɗa da Challawa suka biyo bayanta. A lokacin da aka yanka waɗannan filaye, bayan gari suke. Yau gari ya cim musu, gidaje da makarantu da filayen ƙwallo sun kewaye katangun kamfanoni. Ruwan da ke fitowa daga Bompai yana bin rafin Getsi, ya haɗu da Jakara, su zarce zuwa madatsar Wasai a Ƙaramar Hukumar Minjibir. Na Sharaɗa yana bin rafin Salanta ya faɗa kogin Challawa, na rukunin Challawa da ke wajen Panshekara shi ma kogin yake nufa. Wannan kogi shi ne wanda birnin Kano ke ɗibar ruwan famfo daga gare shi tun farkon shekarun 1930, shi ne kuma ke haɗuwa da kogin Kano su zama kogin Haɗejiya. Gaskiya ne kamfanoni da yawa sun rufe saboda matsalar wutar lantarki da kayan waje, amma majemun fatu da masana'antun roba da na sinadarai da suka rage suna aiki, kuma abin da aka zuba shekara da shekaru yana nan kwance cikin laka.

Jimar zamani ba irin ta majemar gargajiya ba ce da ake yi da bagaruwa da toka. Ana amfani da farar ƙasa da sinadarin salfaid wajen cire gashi, sannan a jiƙa fata cikin gishirin kuromiyam domin kada ta ruɓe. Ruwan da ya fito daga nan, in ba a tace shi ba, yana ɗauke da waɗannan abubuwa duka. Malaman kimiyya na Jami'ar Bayero da na wasu jami'o'in sun daɗe suna auna ruwan Getsi da Jakara da Salanta da Challawa, da ƙasar gaɓarsu, da kayan lambun da ake nomawa da su, kuma sun sha bayar da rahoton samun ƙarafa masu guba irin su kuromiyam da dalma da kadmiyam fiye da ƙima. Domin mai karatu ya gane ƙanƙantar abin da jiki ke iya ɗauka, ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na ruwan sha bai yarda kuromiyam ya wuce miligiram 0.05 a cikin lita guda ba, dalma kuwa miligiram 0.01. Mu 'yan Arewa ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani kan dalma, domin mun ga yadda ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara a 2010.

To, wa ya fi kowa taɓa wannan ruwa? Manajan kamfani a mota yake wucewa, ma'aikaci kuma watakila yana da takalmin roba. Yaro ne ke tsallaka lambatu ba takalmi a hanyarsa ta zuwa makaranta, shi ne ke shiga ɗauko ƙwallo idan ta faɗa, shi ake aike ya wanke kayan lambu a bakin rafi ko ya shayar da tumaki. Almajiri a nan yake wanki da wanka, domin nan ne ba a biyan kuɗin jarka. A kogin Challawa kuma akwai ƙarin haɗari na ramukan da masu ɗibar yashi ke bari: yaro yana tafiya ruwa iya gwiwa, taku ɗaya sai ya rufta inda ya shanye kan babba. Wanda ya tsira daga nutsewa da guba, tsargiya na jiransa, cutar nan da ke sa fitsarin jini, wadda ake ɗauka a ruwan da ke kwance kamar na madatsai da magudanan noman rani.

Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, kwale-kwale ya kife a madatsar Watari da ke Ƙaramar Hukumar Ɓagwai. Ya ɗauko ɗaliban Islamiyya ne daga ƙauyen Badau za su je bikin Mauludi, kuma aƙalla mutum 29 suka rasu, akasarinsu ƙananan yara. Allah Ya jiƙansu da rahama. Duk jihar ta girgiza, gwamnati ta dakatar da jigilar fasinja a ruwan na wani lokaci, manya suka je ta'aziyya. Abin lura shi ne, waɗannan yara 'yan makaranta ne, a kan hidimar makaranta suke, tare suka taso a ƙauyen da hanyarsa ta zuwa gari ta ratsa ruwa. Da a ce ƙa'idar makaranta ce ba a shigar da ɗalibi jirgi sai da rigar kariya, da a ce malami da ɗalibi duka sun san adadin da jirgi ke ɗauka kuma sun san suna da ikon ƙin shiga, da watakila ba a yi asarar da ta kai haka ba. Shekaru sun wuce, amma har yau darasin Ɓagwai bai zama darasin aji ba.

Matsalar ba tamu ce mu kaɗai ba. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Disamba na 2024, ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a shekarar 2021, wato fiye da mutum 30 a kowace awa, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Daga shekarar 2000 zuwa lokacin, yawan mace-macen, gwargwadon yawan jama'a, ya ragu da kashi 38 cikin 100 a duniya baki ɗaya, amma a nahiyar Afirka kashi 3 kacal ya ragu, kuma ita ce ke kan gaba idan aka auna da yawan jama'a. Tun a watan Afrilu na 2021 Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya, bisa jagorancin Bangaladash da Ayalan, ya amince da ƙudurin yaƙi da nutsewa, ya kuma ware ranar 25 ga Yuli ta kowace shekara domin tunawa da lamarin. Cikin matakan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ƙasashe shawara a kai akwai koya wa yara 'yan makaranta iyo da kiyaye haɗarin ruwa da dabarun ceto.

Wani zai ce, me ya kawo maganar doka? Ai wa'azi da faɗakarwa a rediyo sun isa. Amsa ita ce, mun ga iyakar faɗakarwa. Tana tashi ne bayan an yi rashi, ta lafa bayan sadakar bakwai. Makaranta kuwa ita ce wuri guda da hukuma ke haɗuwa da yaro kullum, shekara da shekaru, kuma abin da ba a wajabta ba a tsarin makarantunmu, ba a ware masa lokaci a jadawali ba, ba a tura sufeto ya duba ba, to sunansa babu. A Ingila, tun 1994 iyo da kiyaye haɗarin ruwa suke cikin manhajar ƙasa ta firamare, ana son kowane yaro ya iya ninƙaya ta mita 25 kuma ya san yadda zai ceci kansa kafin ya gama. In an ce Ingila masu kuɗi ne, sai mu dubi Bangaladash, inda talauci da cunkoso ba su gaza namu ba. A can, shirin SwimSafe yana koya wa yara iyo a cikin kududdufan ƙauye da aka kafa wa dakali da shingen gora, matasan garin ne malamai, kuma binciken da aka buga a 2012 ya nuna haɗarin mutuwa a ruwa ya ragu da fiye da kashi 90 cikin 100 a tsakanin yaran da suka shiga shirin.

Mene ne za a koyar? Abu na farko shi ne sanin halin ruwa. Yaro ya san cewa ruwan da ya yi luf ba shi ne marar zurfi ba, cewa gaɓar kududdufi tana da santsi da laka mai riƙe ƙafa, cewa ruwa mai gudu wanda bai wuce idon sawu da kaɗan ba yana iya kayar da babba balle yaro, cewa kogi na iya cika ba tare da an ga hadari ba idan aka saki ruwa daga madatsa. Ya san cewa ƙaninsa mai rarrafe yana iya nutsewa a bokiti ko baho ko randa, don haka a rufe rijiya, a kife mazubi bayan wanki. A gidajenmu, 'yar shekara 9 ce ke renon ɗan shekara 2 yayin da uwa ke aiki, saboda haka duk abin da aka koya mata a aji, ya isa ga jaririn da bai shiga makaranta ba.

Abu na biyu shi ne ceto. Yawancinmu mun ɗauka mai nutsewa yana ihu yana ɗaga hannu kamar yadda ake nunawa a fim. A zahiri shiru yake yi, domin numfashin da zai yi ihu da shi ma babu, kuma cikin ƙanƙanin lokaci yake ɓacewa. Sau da yawa kuma gawa biyu ko uku ake fitarwa maimakon ɗaya, saboda aboki ya faɗa domin ya ceci aboki, wanda ke nutsewa ya ƙanƙame shi suka tafi tare. Ƙa'idar mai sauƙi ce: yi kururuwa, miƙa sanda ko rawani ko igiya kana kwance a gaɓa, jefa jarka marar komai da murfinta a rufe, amma kada ka shiga. Haka abin yake ga rijiya da masai da ramin tara ruwan kamfani, inda iska mai guba ke taruwa a ƙasa ta sumar da mutum kafin ya ankara, na biyu ya bi shi, na uku ya bi na biyu. Sai kuma agajin farko. Al'adar danna cikin wanda aka tsamo, ko juya shi kai ƙasa wai ruwa ya fito, ɓata lokaci ce, alhali ƙwaƙwalwa ba ta jure rashin iska fiye da 'yan mintoci. Abin da ake buƙata shi ne a buɗe hanyar numfashi, a hura masa iska, a danna ƙirji, a kira agaji ta lambar gaggawa ta ƙasa, wato 112. Ɗan ƙaramar sakandare zai iya koyon wannan a zama biyu.

Abu na uku shi ne wanda babu shi a manhajar Ingila, kuma dole mu rubuta shi da kanmu, wato sanin gurɓataccen ruwa. Yaron Sharaɗa da na Dakata da na Panshekara ya kamata ya iya zana taswirar unguwarsu ya nuna inda ruwan kamfani ke bi da inda yake zuwa. Ya san cewa ruwa mai launin shuɗi ko ja ko baƙi, ko mai kumfa, ko mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ba a taɓa shi, in kuma ya taɓa jiki a wanke da ruwa mai tsabta nan take. Ya san cewa tafasa ruwa tana kashe ƙwayoyin cutar kwalara da taifot, amma ba ta fitar da dalma ko kuromiyam, hasali ma ƙara musu ƙarfi take yi idan ruwan ya ƙone. Ya san cewa duro da jarkar da aka zubo sinadari a ciki, waɗanda ake saye da araha a kai gida, ba mazubin ruwan sha ba ne komai wankin da aka yi musu. Waɗannan bayanai ne da babu wanda ya taɓa gaya wa iyaye da yawa, kuma ta bakin 'ya'yansu za su fi saurin jin su.

Yanzu sai mu zo kan harshe, wanda shi ne fagen da na fi sani. A ƙarshen 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince da manufar koyar da yaran firamare da harshen uwa, sai kuma a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilimi ya ba da sanarwar soke ta da komawa ga Turanci. Wannan muhawara ce mai zaman kanta. Amma duk inda aka tsaya a kanta, darasin ceton rai bai kamata a ba da shi da harshen da yaro zai tsaya fassarawa ba. Wanda ke kallon ƙaninsa na nutsewa ba shi da lokacin tuno ma'anar kalmar Turanci da ya haddace domin jarrabawa. Da Hausa zai firgita, da Hausa zai yi kururuwa, don haka da Hausa ya kamata umarnin ya zauna a kansa, cikin gajerun jimloli masu kari da za a rera a filin taro kamar yadda ake rera sauran waƙoƙin makaranta. Haka kuma allunan gargaɗi da ke jikin katangun kamfanoni da bakin magudanai, a rubuta su da Hausar boko da ajami tare da hoto. Cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, wadda ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006, tana da ƙwararrun da za su daidaita kalmomin cikin ɗan lokaci in an nemi su yi.

Kada kuma a ɗauka Bahaushe ba shi da nasa tsarin gargaɗi. Iyayenmu sun tsare yara daga bakin ruwa da labarin 'yan ruwa da aljanun kududdufi da dodo, kuma dabarar ta yi aiki gwargwado a zamanin da yaro ba ya musu. Rauninta shi ne, tsoro take koyarwa, ba ta koyar da abin yi. Ranar da yaro ya ga sa'o'insa sun shiga sun fito lafiya, tsoron ya tafi, ba a bar masa komai a madadinsa ba. A gefe guda kuma muna da Sarkin Ruwa da masunta da sarkawa, mutanen da suka gaji sanin igiyar ruwa da yadda ake rungumar gora a yi iyo, irin gwanintar da duniya ke zuwa kallo a Argungu. Ilimin yana nan a cikinmu, an dai bar shi ne a matsayin sana'ar wasu gidaje. Dokar da nake kira a kafa ta ba waɗannan mutane gurbi, a horar da su, a ba su alawus, su zama malaman iyo.

Na ambaci makarantun Islamiyya da na allo da gangan, domin duk dokar da ta tsaya a makarantun boko ta bar dubban yaran da suka fi kusa da haɗarin. Kuma a nan ne ma aikin zai fi sauƙi. Duk yaron da ya karanta Ahalari ko Ishmawi ya fara ne da babin tsarki, ya kuma san cewa ruwan da launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ya jirkita da wani abu ba a alwala da shi. Ashe tun kafin zuwan ɗakin gwaje-gwaje malamanmu suke koya wa yara duba ruwa kafin su taɓa shi. Abin da ya rage shi ne a ɗora a kan wannan tushe, a ƙara musu da cewa akwai gubar da ido da hanci ba sa kama ta. Kare rai yana cikin manyan manufofin shari'a, kuma babu malamin da zai ce ɗaukar mataki ya saɓa wa imani da ƙaddara. Mai raƙumi ma an umarce shi ya ɗaure sannan ya yi tawakkali.

Na san akwai masu ƙorafi, kuma wasu ƙorafe-ƙorafen suna da nauyi. Na farko, za a ce makarantar da ba ta da rufi da kujeru da isassun malamai, ina ita ina darasin ruwa? Gaskiya ne halin da makarantunmu ke ciki ya kai gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yuni na 2024. Amma kaso mafi girma na abin da na lissafa ba ya buƙatar gini ko sabon malami. Igiya da sanda da jarka da allo sun wadatar, kuma akwai darasin motsa jiki da kiwon lafiya a manhaja wanda za a shigar da shi ciki, ko da awa 6 ne a kowane zango. Na biyu, za a ce koya wa yaro iyo zai ƙara masa ƙarfin halin shiga ruwa. Ai yanzu ma shiga suke yi, a ɓoye, ba tare da babba a kusa ba. Na uku, batun 'ya'ya mata da sutura. Wannan a ware musu rana da wuri da malamai mata, domin idan jirgi ya kife ruwa ba ya tambayar jinsi. Sai dai a yi hattara: ba a koyar da iyo a Getsi ko Salanta ko wani ruwan da ke da tsargiya, sai wurin da jami'an lafiya suka auna suka amince, ruwa iya ƙugu, da shinge da masu tsaro. Inda babu irin wannan wuri, a fara da darasin tudu.

Ƙorafin da ya fi kowanne ƙarfi shi ne na masu cewa koya wa yaro guje wa ruwan guba tamkar wanke masu zuba gubar ne, an mayar da nauyi kan wanda aka zalunta. Ina tare da su a kan cewa darasi ba zai maye gurbin tace ruwa ba. Tun 2007 aka kafa hukumar NESREA, tun 2009 kuma akwai ƙa'idojin da suka shafi masana'antun saƙa da fatu da takalma, kuma wajibi ne a aiwatar da su. Amma yaron da ke aji 3 a yau ba zai iya jiran ranar da za a gama wannan ba. Bugu da ƙari, al'ummar da ta san abin da ke gudana a bayan gidanta ita ce ke iya tambaya. Ɗalibin da ya zana taswirar Salanta yana ɗan shekara 12, shi ne gobe zai zama kansila ko ɗan jarida ko injiniyan da ba za a rufe shi da zance ba. Jahilcin jama'a shi ne babbar garkuwar mai gurɓata ruwa.

Game da kuɗi, ilimi yana cikin abubuwan da tsarin mulki ya ba tarayya da jiha ikon yin doka a kansu, don haka Kano ba ta buƙatar jiran Abuja. Dokar ta ɗora wa Ma'aikatar Ilimi da hukumar SUBEB da hukumar kula da makarantun Alƙur'ani da Islamiyya alhakin tsara darasin, Hukumar Kashe Gobara da ƙungiyar Red Cross da 'yan agajin ƙungiyoyin addini su horar da malamai, kwalejojin horar da malamai su sa shi cikin karatunsu. Ƙungiyar masu masana'antu ta ƙasa, MAN, tana da rassa a Sharaɗa da Challawa da kuma Bompai, kuma ya dace kowane kamfani ya ɗauki nauyin makarantun da ke kan hanyar ruwansa: littattafai, allunan gargaɗi, murfin magudanai, shingen ramuka. Wannan ba alfarma ba ce, wani ɓangare ne na kuɗin da maƙwabta suka daɗe suna biya da lafiyarsu. Dokar ta kuma hana kowace makaranta ɗaukar ɗalibai a jirgin ruwa ba tare da rigunan kariya ba, sannan ta wajabta wa Hukumar Kashe Gobara buga alƙaluman nutsewa na kowace ƙaramar hukuma duk shekara, da shekarun mamatan da irin ruwan, domin a san ko ana ci gaba.

Daga ƙarshe, ina kira ga 'yan majalisar da ke wakiltar Kumbotso da Nasarawa da Gwale da Birni da Minjibir da Ɓagwai, waɗanda mazaɓunsu ne ke kan bakin waɗannan ruwaye, da su haɗa kai su gabatar da wannan ƙuduri kafin wata daminar. Ina kira ga masu unguwanni da dagatai da limamai da ƙungiyoyin iyaye da malamai su tambayi makarantun unguwarsu abin da ake koya wa yara a kan ruwa. Mu kuma da muka yi karatu muka koma unguwannin da lambatu ke rufe, 'ya'yanmu suna koyon iyo a otal, mu tuna cewa latas da kabejin da ke kan teburinmu watakila da ruwan Jakara aka shayar da su. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya ba shugabanninmu ikon yin abin da ya dace, amin.